Huhun da Aka Jefa wa Kare: Yadda Tsutsotsin Dabbobi Ke Cin Dukiyarmu da Lafiyarmu

Wata asuba na tsaya a gefen wata mayanka ina kallon yadda ake fiɗar wani tsohon raƙumi. An gama feɗe fata, an zaro kayan ciki an zube a kan daɓe, sai likitan dabbobi ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa a kan huhun yana dannawa a hankali. Ya ji tauri a wuri biyu. Da ya sa bakin wuƙa ya tsaga ɗaya, sai wani ruwa garai-garai ya tsarto, wata farar fata mai kama da farin dafaffen ƙwai ta leƙo daga ciki.

Ya ɗago kai ya ce wa mahaucin, "Baba, wannan huhun ba zai fita ba."

Dattijon ya ce, "Haba Likita, ruwa ne fa kawai. A yanke wurin a bar min sauran. Ka san nawa na zuba a kara kafin a sallama min raƙumin nan?"

Suka ɗan ja, daga ƙarshe likita ya yi abin da ya dace, ya hana huhun gaba ɗaya. Abin da ya biyo baya shi ne ya tsaya min a rai har yau. Wani yaro daga cikin masu taya aiki ya ɗauki huhun ya cilla shi bayan katanga, inda karnuka huɗu ko biyar suke kwance suna jira, kamar yadda suka saba kowace safiya. Babu wanda ya ga laifin yaron. A ganin kowa an kawar da mugun nama daga bakin mutane, an gama aiki.

Gaskiyar maganar ita ce, a daidai wannan lokacin aka shuka cutar. Da mutum ya dafa huhun nan ya ci, ba zai kamu da wannan ciwo na jakar ruwa ba. Kare ne kaɗai, da danginsa irin su dila da kyarkeci, ke iya mayar da abin da ke cikin jakar ruwan nan ya zama tsutsa. Wannan ne wurin da mutane da yawa ke rikicewa, don haka bari mu bi zancen daki-daki.

Tsutsar da ake magana a kai, wadda masana ke kira Echinococcus, ƴar mitsitsiya ce, tsawonta bai wuce na ƙwayar shinkafa ba. A cikin hanjin kare take zama, kuma kare ɗaya na iya ɗaukar dubbanta ba tare da ya rame ko ya nuna wata alama ba. Ƙwanta na fita tare da kashin karen, ya watsu a ciyawa, a ƙasa, a bakin rijiya, ya maƙale a gashin jikinsa. Tunkiya ko akuya ko saniya ko raƙumi ya zo kiwo ya haɗiye ƙwan. Ƙwan ya ƙyanƙyashe a hanji, ɗan abin ya huda ya bi jini, ya sami masauki a hanta ko huhu, ya fara gina jakar ruwa. A cikin jakar akwai dubban kawunan tsutsa suna jiran ranar da kare zai ci naman. Ranar da ya ci, cikin kamar mako shida sun girma sun fara zuba sabon ƙwai. Haka abin yake ta zagayawa tsakanin kare da garke.

Mutum ɗan tsautsayi ne a wannan zagaye. Yaro ya shafa kare ya ci tuwo bai wanke hannu ba, ko a ci latas da karas da aka yi wa ban-ruwa a lambun da karnuka ke ratsawa, ko a sha ruwan kududdufi, sai ƙwan ya ɗauki mutum kamar tunkiya, ya je ya gina jakarsa. A mafi yawan mutane, kusan bakwai cikin goma, hanta yake zaɓa, sai huhu ya biyo baya. Yakan kai ga ƙoda, saifa, ƙashi, har ƙwaƙwalwa, amma ba kasafai ba.

Na san abin da wani zai ce: ai mu ba ma wasa da kare, ba ma barin sa ya shiga ɗaki. Haka ne, kuma wannan kariya ce ta gaske. Zafin ranarmu da bushewar ƙasa ma suna kashe ƙwan da sauri a fili. Amma akwai karen ruga da ke kwana kusa da ƙwaryar nono, akwai karen farauta da matasa ke goyo a kafaɗa, akwai karen gadin lambu da ke kewayawa tsakanin fangali, a inuwa da danshi, inda ƙwan ke iya yin watanni da ransa. Ba lallai sai ka taɓa kare ba kafin abin da ya zubar ya iso bakinka.

Muguntar wannan ciwo a jinkirinsa take. Jakar na girma kaɗan-kaɗan, wani lokaci santimita ɗaya ko ƴan santimita a shekara. Wanda ya haɗiye ƙwan yana ɗan shekara takwas, mai yiwuwa sai ya yi aure ya hayayyafa sannan ya fara jin nauyi a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, ko tarin da ya ƙi ji ya ƙi gani. Daga nan sai a shiga yawon neman magani. A ce gyambon ciki ne, a ce basir ne, a ce shawara ce, a ce tarin fuka ne, wani ma ya ce jifa ne. Kowane zato da kuɗinsa. Hoton ciki ne ke nuna jakar sarai, amma wanda ke ƙauye mai nisan kilomita sittin daga asibitin da ke da na'urar, sai abin ya ci ƙarfinsa yake zuwa. Idan kuwa jakar ta fashe a ciki, saboda faɗuwa daga babur ko harbin saniya, ruwan na iya sumar da mutum nan take har ya kai shi lahira, kuma kowane kan tsutsa da ya zube na iya zama sabuwar jaka.

Maganin ma ba na kwana uku ba ne. Wasu ana ɗora su a kan maganin tsutsa albendazole na watanni. Wasu ana soka allura a zuƙe ruwan, a ɗura abin da zai kashe ƙwayoyin, a sake zuƙewa. Wasu kuwa ba makawa sai an yi musu aiki, an buɗe ciki ko ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin waɗanda aka yi wa tiyata, kimanin kashi 2.2 cikin ɗari suna rasuwa bayan aikin, kuma kusan kashi 6.5 ciwon yana dawo musu. Ka tuna kuma wa zai biya. Makiyayi ba shi da inshora. Kuɗin hoto, kuɗin jini, kuɗin gado, kuɗin mota, abincin mai jinya, duk daga garke za su fito. Tsutsar da ta fara rage darajar saniya, ita ce kuma ta sa aka kai saniyar kasuwa a sayar da ita da gaggawa, farashin da dillali ya ga dama. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan ba haka abin yake ba. Wanda ya cilla huhun daban, wanda za a kwantar a ɗakin tiyata bayan shekara goma sha biyar daban, kuma babu wanda zai taɓa haɗa su biyun.

Alƙaluman duniya suna da nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci fiye da mutum miliyan ɗaya suna ɗauke da wannan ciwo, kuma abin da ake kashewa wajen jinya haɗe da asarar da masu dabbobi ke yi ya kai dala biliyan 3 a shekara. Wani kwamitin masana na hukumar ya lissafa a 2015 cewa cutar, idan aka haɗa dukkan nau'o'in tsutsar Echinococcus, na kashe kimanin mutum 19,300 duk shekara, tana kuma cinye shekarun rayuwa cikin ƙoshin lafiya kusan 871,000, wato idan aka haɗa shekarun da masu mutuwa da wuri suka rasa da waɗanda majinyata suka yi a kwance. A wasu yankunan Ajantina, Peru, Gabashin Afirka, Tsakiyar Asiya da Sin, ana samun mutum biyar zuwa goma cikin ɗari da jakar a jikinsu. Makiyayan Turkana na arewacin Kenya suna cikin waɗanda suka fi kowa shan wahalarta, har ƙungiyar kula da lafiya ta AMREF ta shafe shekaru tun daga wajen 1983 tana bin su da na'urar hoto da maganin karnuka. A ƙasashen Magrib, irin su Maroko da Tunisiya, aikin cire jakar nan abu ne da likitocin tiyata suka saba da shi. A Sudan raƙuma ne manyan masu ɗauke da ita, kuma binciken da aka yi a mayankun Kano da Sakkwato da Maiduguri ya nuna hakan take a wurinmu: raƙumi ya fi sauran dabbobi. Dalili a fili yake, raƙumi sai ya tsufa ake yanka shi, jakar ta sami shekarun girma.

A asibitocinmu kuwa da wuya ka ji an rubuta sunan ciwon. Ni dai ban yarda rashin rubutu yana nufin rashin ciwo ba, muddin ana ganin jakar a dabbobi, ana kuma ganin karnuka suna cin ta.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne tushen matsalar. Asarar da irin waɗannan cututtuka ke jawowa a rabe take gida biyu, kowane ɓangare da littafinsa. Likitan mutane yana ganin majinyata ƙalilan, ga kuma zazzaɓin cizon sauro da kwalara da mace-macen mata wajen haihuwa sun cika masa tebur, sai ya ajiye wannan a gefe. Likitan dabbobi yana ganin hanta da huhu da ake zubarwa, amma tsutsar ba ta kashe garke a dare ɗaya kamar yadda cutar bushiya ta riƙa yi a da, don haka babu wanda zai fitar da kuɗin gaggawa dominta. Shi kuwa kare, wanda a jikinsa za a iya katse zagayen da ƙwayar magani mai araha, ba shi da daraja a kasuwa, babu mai kai shi asibiti. Kowa ya duba nasa littafin sai ya ga abin bai taka kara ya karya ba. Sai an haɗa littattafan biyu ake ganin girman ramin.

Ciwon hanta na shanu ya fi nuna wannan a fili, kuma shi kowane makiyayi ya san shi. Tsutsa ce mai faɗi kamar ganye, irin ta yankinmu takan kai tsawon yatsa, tana zama a hanyoyin maɗaciya tana shan jini. Ƙwanta na fita a kashin shanu, ya shiga ruwa, ya sami wani ƙaramin dodon koɗi ya hayayyafa a cikinsa, ya fito ya maƙale a ciyawar bakin ruwa. Da rani, lokacin da daji ya bushe ƙurmus, ina garke zai nufa in ba fadama ba? Dausayin Haɗejiya da Nguru, gaɓar Tafkin Chadi, bakin madatsun Tiga da Bakolori da Goronyo, gefen magudanan noman rani, nan ne ciyawa take, nan ne kuma tsutsar take jira. Makiyayi ya san haɗarin, amma yunwa ba ta ba shi zaɓi.

Abin da ido ke gani a mayanka shi ne hanta ta yi tauri, wuƙa na ƙaras-ƙaras idan ta ratsa hanyoyin maɗaciyar da suka daskare, tsutsotsi na motsi. Mahauci ya yi asarar hanta, wadda tana cikin sassa masu tsada. Amma wannan ƙaramar asara ce idan aka kwatanta da wadda ta riga ta faru a ruga ba tare da an lura ba. Saniyar da ya kamata ta cika ƙwarya tana ba da rabi, matar da ke tallan nono da man shanu ta dawo gida da ragin ciniki kullum, wata da watanni. Karsana ta makara ba ta ɗauki ciki ba. Bijimin huɗa ya shiga damina da kumburi a ƙarƙashin haɓa, ya yi kunya biyar ya tsaya yana haki, gona ta makara. Matar da ta ɗaure rago tun bayan ƙaramar salla tana zuba masa dusa da harawa da ƙowa, rabin abincin tsutsa take ciyarwa, ranar sayarwa kuɗin da ta samu bai mayar da na dusa ba. Babu rasit ɗin irin wannan asara, shi ya sa ba ta shiga kasafin kowa. Masana sun ƙiyasta cewa a duniya tsutsar hanta na jawo wa masu kiwo asarar da ta haura dala biliyan 3 a shekara.

Tana kama mutane ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum miliyan 2.4 a ƙasashe fiye da 70 suna ɗauke da ita, musamman a tsaunukan Bolibiya da Peru da yankin bakin Kogin Nilu a Masar. Hanyar shigarta ɗanyen ganyen da ya tsiro a ruwa ko aka wanke da ruwan tafki. Maganinta, triclabendazole, asalinsa na dabbobi ne kafin a fara ba mutane, kuma tun 1995 aka fara ganin tsutsar tana bijire masa a gonakin Ostareliya. Wannan ya kamata ya dame mu, ganin yadda ake sayar da ƙwayoyin tsutsa a kan tabarma ranar kasuwa, a rana, wasu jabu, wasu sun daɗe da lalacewa, a kuma raba ƙwaya ɗaya wa shanu biyu don a yi tsimi. Rabin magani ba ya kashe tsutsa, sai dai ya koya mata juriya.

Ita kuwa tsila, zagayenta a juye yake: mutum ne gidan uwar tsutsar, saniya ce matsakaici. Takan kai mita biyar zuwa goma a hanjin mutum. Mai ita ya yi bahaya a daji, saniya ta ci ciyawar, ƙananan ƙulluta farare su fito a tsokarta, musamman kumatu da harshe da zuciya. Wanda ya ci tsire ko balangun da wuta ba ta ratsa cikinsa ba, ya ɗauka. Ba ta cika yin kisa ba, amma tana rage darajar nama, tana kuma cikin abubuwan da masu sayen nama na ƙasashen waje ke dubawa. A Najeriya, ƙasar da binciken gwamnati na 2021 ya nuna kimanin mutum miliyan 48 suna bahaya a fili, maganar fitar da naman shanu waje ba za ta rabu da maganar masai ba.

Ƴar uwarta ta alade ta fi ta haɗari nesa ba kusa ba, domin ƙwanta na iya zuwa ƙwaƙwalwar mutum. A yankunan da ta yi katutu, ita ke haddasa kusan kashi 30 cikin ɗari na farfaɗiya. Kada wanda ba ya cin alade ya ɗauka ya tsira: cin naman yana sa tsutsar hanji, amma ciwon ƙwaƙwalwar daga ƙwan da ke hannun mai tsutsar yake zuwa, ta abinci ko ruwa. A farkon shekarun 1990 an sami masu wannan ciwo a cikin wasu iyalan Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a birnin New York, mutanen da ba su taɓa kai alade baki ba. Wannan ba dalilin ƙyamar kowa ba ne, dalilin wanke hannu ne da neman magani ga kowa da kowa.

To, wa ke da alhakin gyara? A Najeriya, tsarin mulki ya ɗora kula da mayanku a kan ƙananan hukumomi, duba nama kuma aikin likitocin dabbobi na jihohi ne. Muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tun 1924. A 2019 an ƙaddamar da tsarin haɗa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli a lema ɗaya, a 2024 kuma aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. A takarda ba mu rasa komai ba. A ƙasa kuwa, ana karɓar kuɗin shiga a kan kowane kai da aka yanka, amma mayanku da yawa ba su da katangar kirki, ba su da ramin zuba abin da aka hana, ba su da wurin ƙonawa, wasu ko ruwan famfo babu.

Akwai kuma maganar adalci ga mahauci, wadda ban ga ana yi ba. Bai haifi dabbar ba, bai kiwata ta ba, ya saya ne a tsaye da fatarta, bai ga cikinta ba. Idan aka hana hantar, shi kaɗai ke ɗaukar faɗuwar, babu diyya ko ta sisin kwabo. Me kake tsammani zai yi gobe? Zai yanka tun kafin likita ya iso, ko ya koma bayan gari inda babu mai dubawa. Duk tsarin da ya mayar da mai gaskiya shi ne mai asara, ɓoyo yake koya wa mutane. Da za a ware wani ɗan kaso daga kuɗin da ake karɓa a mayanka a riƙa rage wa mahauci zafi, a kuma sa sarkin fawa da ƙungiyar mahauta su riƙe asusun tare da likita, da mahauta da kansu za su riƙa miƙo abin da suka gani.

Wasu ƙasashe sun fita daga wannan ƙangi, kuma ba da wata na'ura mai tsada ba. A ƙarni na 19 tsibirin Iceland, ƙasar makiyaya tumaki da karnuka, yana cikin wuraren da ciwon jakar ruwa ya fi muni a duniya. A 1863 wani likita ɗan Denmark, Harald Krabbe, ya je ya binciki karnukansu, a shekarar da ta biyo baya aka buga ɗan littafinsa da harshen mutanen aka raba gida-gida, yana bayyana musu cewa kayan cikin tumakin da suke ba karnuka su ne silar ciwon da ke kashe iyayensu. Aka biyo da dokar harajin kare da ta hana ba shi ɗanyen kayan ciki. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ciwon ya zama tarihi a wurinsu. New Zealand ta kafa doka a 1959, ta yi ta bin karnuka da magani da sa ido a kan yanka a gonaki, sai a 2002 ta bayyana cewa ta rabu da shi. Shekara arba'in da uku ke nan, aiki ne na haƙuri. Yau kayan aikin sun fi nasu: akwai praziquantel da ke wanke cikin kare idan ana ba shi aƙalla sau huɗu a shekara, akwai allurar rigakafin tumaki mai suna EG95. Hukumar Lafiya ta Duniya na ganin idan aka haɗa waɗannan biyu da rage tsofaffin tumaki daga garke, za a iya raba mutane da ciwon cikin ƙasa da shekara goma. Karkashe karnuka da guba, wanda shi ne abin da ake fara tunani a wurinmu, ba ya ɗorewa, domin muddin jujin mayanka na nan cike da nama, wasu karnukan za su maye gurbin.

Akwai rana ɗaya a shekara da kusan kowane gida ke zama mayanka, babu likita, babu mai dubawa: ranar layya. Miliyoyin raguna ake feɗewa a zaure da ƙofar gida da tsakar gida. Maigida ko mai fiɗa ya ga ƙullutun ruwa a hanta, ya ƙwaƙule wurin ya miƙa wa yaro ya ce a kai juji, kafin la'asar karnukan unguwa sun cinye. Abin da ya kamata a yi bai wuce aikin minti kaɗan ba. Kada a fasa jakar. A cire gaɓar da take ciki, a ƙone ta ƙurmus, ko a haƙa rami mai zurfin da kare ba zai iya tonowa ba a binne a danne da dutse. Idan ba hali, a tafasa ta na tsawon minti talatin cur kafin a zubar, wannan ya isa ya kashe abin da ke ciki. Sauran naman ragon lafiyarsa ƙalau, a dafa shi ya nuna a ci, a kai wa maƙwabta rabonsu. Wanda ya yi fiɗar ya wanke hannu da sabulu, yaran da suka kai tumbi wanki su ma haka. Limamin da zai yi huɗubar Juma'ar da ta gabaci salla yana bayanin ragon da ya isa layya da wanda bai isa ba, zai iya ƙara wannan a cikin jimla uku.